Injin Wani, Gumin Wani: Lacca a kan Hayar Kayan Sana'a da Sayensu Bashi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya arzikin bayinSa a hannun juna domin kowa ya bukaci ɗan'uwansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi kiwo a kan lada, ya kuma yi fatauci da dukiyar Nana Hadiza tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Waɗanda suka shirya wannan taro sun ɗora mini magana a kan yadda mai ƙaramar sana'a zai sami kayan aiki alhali ba shi da kuɗin sayensu a dunƙule, kuma na karɓa ne don na ga mas'ala ce da ta shiga kowace unguwa, tun daga telan da ya gama koyo a hannun maigidansa yana neman keken kansa, da mai walda da wutar lantarki ta hana shi cika alkawari, har zuwa manomin rani a Kadawa wanda albasarsa ke bukatar ruwa yau, kuɗin injin kuwa sai an cire amfani za su zo. Dukansu suna da ƙarfi da gwaninta da masu saye, abu ɗaya ya rage musu, shi ne ƙarfen da ke ninka aikin hannu, wanda kuma yana hannun mai kuɗi.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, ta karɓi injin markaɗe daga hannun wani mai hali a kan za ta riƙa biya duk mako har shekara guda, in ta cika, injin ya zama nata. Aka kafa shi a zaure, aka huda bango aka fitar da bututun hayaƙi; tun da asuba yara ke jera robobin wake da na tattasai a ƙofar gidan, ita kuwa tana tsaye da leda ɗaure a ƙugu, tana zuba ruwa tana tura wake da muciya, ɗanta na fari yana jan igiya. Wata takwas tana biya ba fashi. A na tara injin ya buga, makaniki ya ce gyaran zai ci abin da ba ta da shi. Da ta je wurin mai injin sai ya ce gyara nata ne, tunda ita ke mora, biyan mako kuma ba ya tsayawa, tunda ta sa hannu. Da ta yi mako uku ba ta kai ba, sai ya aiko yaransa da amalanke suka kwance injin, ya ce abin da ta biya a baya kuɗin haya ne, ta riga ta ci amfaninsu.

Ta kawo mini takardar a naɗe cikin gefen mayafi. Da Turanci aka rubuta ta, ita kuwa ko boko ba ta yi ba, dangwala yatsa kawai ta yi. Da na gama karantawa sai na aika wa mutumin da tambaya guda, wadda ita ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa a yau: ranar da injin nan ya buga, na wane ne? In nasa ne, to asarar tasa ce, haya kuma ta tsaya tunda amfanin da ake biya dominsa ya yanke. In kuwa nata ne, to bashi yake bin ta, ba shi da ikon ya ɗauke kayanta ya kuma haɗiye abin da ta biya. Shi kuwa so yake ranar gyara injin ya zama nata, ranar ƙwace ya zama nasa, wato cin tudu biyu ke nan, wanda shari'a ba ta yarda da shi ba, hankali ma bai yarda ba.

Hayar kayan aiki tsohuwar al'ada ce a duniya. A cikin dokokin Hammurabi, sarkin Babila, wanda ya yi mulki kusan shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai hukuncin hayar sa da jirgin ruwa da keken shanu, har da bayanin wanda zai ɗauki asara in zaki ya kashe san da aka yi haya. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Musa a Madyana, inda aka ɗauke shi aiki na shekara takwas, in ya so ya cika goma, kuma malamai sun kafa hujja da wannan ƙissa a kan halaccin ijara. A nan ƙasar Hausa ma, wanda ba shi da shanun huɗa ya saba ɗaukar mai garma ya yi masa kwana ɗaya ya biya. Abin da Turawa suka ƙara shi ne mayar da abin sana'ar kamfani. A 1856 kamfanin Singer na Amurka, da ya ga keken ɗinkinsa ya fi ƙarfin aljihun matan gida, sai ya fito da tsarin a ba da kafin alƙalami a ɗauki keke, a riƙa biyan sauran wata-wata, kuma da wannan dabara ne sunan Singer ya zagaya duniya har ya iso rumfunan telolinmu. A 1877 kamfanin Bell ya ƙi sayar da wayoyinsa na tarho, ya ce haya kaɗai zai bayar. A 1952 kuma aka kafa a birnin San Faransisko kamfanin da ba ya ƙera komai, aikinsa kawai ya sayi inji ya ba masana'antu haya. A Nijeriya masu wannan sana'a sun kafa ƙungiyarsu tun 1983.

To amma mu ba sai mun je San Faransisko neman ƙa'ida ba, domin tana nan cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya wuce ta kan hukuncin ijara a cikin babin ciniki, wanda ya kai Muhtasar na Shaihu Halil kuwa ya tarar da ita da faɗi. Fuƙaha'unmu na Malikiyya har sukan rarrabe lafazi, su ce ijara ga aikin mutum da kayan da ake ɗauka, su ce kira'i ga dabbar hawa da gida da jirgi, ko da yake hukuncin ɗaya ne a mafi yawan wurare. Haƙiƙanin abin shi ne sayar da manfa'a, wato amfanin abu, tare da barin zatinsa a hannun mai shi; don haka ne aka shardanta a san ujura nawa ce, a san muddar hayar ko iyakar aikin, a kuma san abin da aka yi hayarsa, saboda kada garari ya shiga, mutane su ƙulla a kan duhu su wayi gari a gaban alƙali.

Daga wannan asali ne hukunce-hukunce biyu suka fito, waɗanda nake so kowa ya koma gida da su. Na ɗaya, wanda ya yi hayar kaya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'addi ko sakaci, kamar ya ɗora wa inji abin da ya fi ƙarfinsa, ko ya bar shi ba baƙin mai, ko ya kwana da shi a waje ba tsaro. Risala ma ta ce ana gaskata shi a kan abin da ya faɗa sai in ƙaryarsa ta bayyana. Na biyu, in abin da aka ayyana ya halaka, kamar dabbar da aka yi hayarta ta mutu a hanya, to hayar ta warware a abin da ya saura. Dalili kuwa shi ne abin da ke halatta wa mai kaya cin kuɗin haya shi ne kasancewar asarar kayan tana wuyansa, kuma Bahaushe ya riga ya faɗi wannan da nasa harshen da ya ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Da zarar mai inji ya sauke wannan lamuni daga wuyansa ya ɗora wa mai haya, ya ce ko inji ya ƙone ko an sace shi kuɗina na nan, to ya tashi daga mai ba da haya ya koma mai ba da rance da ƙari, ko da kuwa ya rubuta kalmar ijara da manyan baƙaƙe a saman takarda. Kada teloli su yi murna da yawa a nan, domin hukuncin yadin da aka kawo muku ɗinki dabam ne. Malikiyya sun ɗora wa masu sana'ar hannu lamunin kayan jama'a da ke hannunsu, saboda maslaha, don kada shaddar mutane ta riƙa ɓacewa ana cewa ɓarawo ne.

Abin da ya fi wuya shi ne hayar da ke ƙarewa da mallaka, irin ta baiwar Allah ɗin nan, domin ita ce mafi yawan abin da ake yi a yau, kuma ba ta cikin tsofaffin littattafai da wannan siffa. Mazhabarmu ba ta hana haɗa ciniki da ijara a ƙulli ɗaya ba, ko da yake ta hana haɗa ciniki da rance, ko da ƙiradi, wato ba da jari a raba riba, ko da aure. Amma matsalar a nan ita ce a ce abu ɗaya, a lokaci ɗaya, an sayar da shi kuma ana hayarsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi mai mazauni a Jidda ta zauna a kan wannan mas'ala a Riyad a shekarar 2000, ta kuma yanke cewa abin ya halatta in an raba ƙullin biyu: a yi haya ta gaskiya, wadda lamunin kayan da babban gyaransu da inshorarsu ke kan mai shi muddar ana hayar, sa'an nan a yi wani alkawari dabam na kyauta ko na sayarwa in an gama biya. Ƙananan hidimomin yau da kullum, irin su canjin mai da bel da wasa dutse, waɗannan ana iya ɗora su a kan mai mora. Wata hukuma ta Bahrain da aka kafa a 1991 don tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci ita ma a kan wannan turba ta bi.

A nan akwai abin da ya kamata ɗaliban ilmi su lura da shi, domin da malaman zamani suka rasa madogara a kan tilasta cika alkawari, wurin Malikiyya suka same ta, tunda a mashahurin zancen mazhaba, in ka yi wa mutum alkawari har ya shiga wata ɗawainiya saboda alkawarin naka, to alƙali zai tilasta maka cikawa. Haka kuma tarar jinkiri. Ba ya halatta mai bin bashi ya ƙara ko kwabo a kan wanda ya makara ya sa a aljihunsa, domin wannan ita ce ainihin ribar jahiliyya. Abin da aka yarda da shi shi ne mutum ya lazimta wa kansa sadaka in ya yi taurin bashi alhali yana da hali, kuɗin kuma su tafi ga mabukata, kuma hujjar wannan an ɗauko ta ne daga littafin da Shaihu Haɗɗab, Bamalike, wanda ya rasu a 954 bayan Hijira, ya rubuta a kan mas'alolin lazimtawa. Saboda haka in aka ce maka akwai tara, tambayi inda take zuwa.

Hanya ta biyu, bayan haya, ita ce murabaha, kuma ga mafi yawan ƙananan kaya ina ganin ta fi sauƙin fahimta. Mai kuɗi ya sayi injin da kansa, ya shiga mallakarsa da lamuninsa, sa'an nan ya sayar maka, ya gaya maka nawa ya saya, nawa ya ɗora, ku yanka lokacin biya. Daga ranar inji naka ne, gyara naka, asara taka, kuɗin kuwa sun daskare, ba sa ƙaruwa ko an yi jinkiri. In ka gaza, yana iya neman a sayar da abin da ka jinginar, ya ɗauki haƙƙinsa, ya mayar maka da ragowa. Bankin Jaiz, wanda ya buɗe a Janairun 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, bayan Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa a 2011 zamanin Malam Sanusi Lamido Sanusi, da bankin Taj da ya biyo baya a 2019, da Lotus a 2021, dukansu da waɗannan ƙulle-ƙulle biyu, ijara da murabaha, suke yin mafi yawan aikinsu. Gwamnatin Tarayya ma da ta nemi naira biliyan 100 a 2017 don gyaran hanyoyi, ta hanyar sukuk na ijara ta same su. Sai dai ina gargaɗi, ko wane ne ya miƙo maka takarda, banki ne ko attajirin unguwa, in ka ga an tura maka kuɗi a asusu an ce je ka sayo da kanka, ba tare da wakilci a rubuce ba, ba tare da kayan sun taɓa shiga hannun mai kuɗin ba, to sunan murabaha ne kawai ya rage.

Dokar ƙasa kuma tana da abin cewa, ko da yake mutanenmu ba su cika saninta ba. Akwai dokar saye ta hanyar haya ta 1965, wadda ta ce in wanda ya karɓi mota ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, mai ita ba shi da ikon ƙwace ta ya riƙe sai ta hanyar kotu. Amma ga kayan da ba abin hawa ba, dokar ta taƙaita kariyarta ga abin da bai wuce naira 2,000 ba, adadin da a wancan zamani dukiya ce, a yau kuwa ba ya cika tankin ƙaramin janareto. Ma'ana injin markaɗe da keken ɗinki da firiza duk sun faɗo waje, kuma wannan gyara ne da ya kamata ƙungiyoyinku su matsa wa wakilanku a majalisa a kansa. A 2015 an yi dokar hayar kayan aiki, wadda ta tanadi hukumar yi wa irin waɗannan yarjejeniyoyi rajista. A 2017 kuma aka sa hannu a kan dokar jinginar da kayan da ake iya ɗauka, tare da rajistar da Babban Banki ya buɗe tun 2016, kuma amfanin wannan ga talaka babba ne, domin a da banki ba ya sauraronka sai ka kawo takardar fili ko ta gida, yanzu kuwa doka ta yarda injin kansa, ko shanu, ko hatsin da ke rumbu, su tsaya a matsayin jingina. Ga Bankin Masana'antu da aka kafa a 2001, wanda asalin aikinsa ke nan, ba da kuɗin sayen injuna. Amma wanda ba ya rubuta cinikinsa, ba shi da rajistar sana'a, ba ya ajiya a asusu, zai sha zirga-zirga kafin a dube shi.

Yanzu bari mu bar littafi mu ɗauki alli, domin abu yana iya zama halal kuma ya karya mutum. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, inji na naira miliyan 1 da dubu 200, aka ce an ɗora kashi 20 cikin 100, za ka biya dubu 120 duk wata har wata 12. Kai a ranka kashi 20 ka ji. Amma ka lura, ba ka riƙe miliyan 1 da dubu 200 ɗin tsawon shekara ba, tun watan farko ka fara mayarwa, har ya zama abin da ke hannunka in an daidaita watannin bai wuce dubu 650 ba. Ribar dubu 240 a kan dubu 650 kuwa ta kusa kashi 37. Wanda ya ce maka kashi 30 a kan abin da ya rage a wuyanka ya fi wannan mai kashi 20 ɗin sauƙi, ko da yake a kunne ya fi shi tsada. Don haka kada ka tsaya a kan kashi nawa. Ka ce a rubuta maka jimlar abin da zai fita daga aljihunka tun daga kuɗin fom da kamasho da inshora har zuwa biyan ƙarshe, ka ajiye ta gefen farashin kasuwa na biyan nan take, ka dubi tazarar.

Bayan wannan sai ka auna injin da kansa, kuma kada ka auna shi da makon jajibirin Sallah, lokacin da tela ke kwana a kan keke. Ka auna shi da watan da ke bayan Sallah, lokacin da rumfa ke zama shiru. Ka cire kuɗin mai, da na gyara, da ladan yaro, da kwanakin da ruwa ko rashin lafiya ko rasuwa za su hana aiki, ka ga ko abin da ya rage zai biya kason wata har ya bar na cefane. In sai ka taɓa jari, ko kuɗin adashi, ko akuyar maiɗaki kafin ka cika, to ka zama kai ne ke ciyar da inji. Shi ya sa nake roƙon masu ba da kayan noma su daina ɗora wa manomi biyan wata-wata kamar ma'aikacin gwamnati, su jira shi zuwa kaka ko cire amfanin rani, tunda tumatir ba ya nuna don wata ya ƙare.

Babu inda wannan lissafi ya fi bayyana kamar a harkar A Daidaita Sahu. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, samari suka koma kan keke mai ƙafa uku, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka saya da kuɗinsu. Mafi yawa ko dai balas suke kaiwa kullum keken na mai shi har abada, ko kuwa an ninka musu kuɗi a kan in sun gama ya zama nasu. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo, har dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sai kuɗin sabon Bajaj da TVS da kayan gyaransu suka yi tashin gwauron zabi, fetur ya cinye abin da direba ke samu, balas kuwa bai sauka ba. Yaron da ke tsoron a ƙwace keken da ya biya rabinsa shi ne wanda za ka gani yana gudu kamar zai tashi sama, ya ɗauki mutum biyar, ya ƙi zuwa canjin mai. Ya gama biya, a miƙa masa kwarangwal. Mai keken ma bai ci riba ba in yaron ya gaza a tsakiya, domin abin da zai dawo masa ba ya sayuwa da daraja. Da an sassauta kason, an tsawaita mudda, an ware kuɗin gyara a gefe tun farko, da kowa ya fita da abinsa.

Ba kuma kowane inji ne ya kamata a mallaka ba, wannan kuwa magana ce da ba a son ji, domin muna son a ce wane ya yi inji. Abin da za ka yi aiki da shi kullum, kamar keken tela ko injin mai niƙa, mallakarsa ta fi. Amma tarakta da manomin kadada biyu zai bukata kwana biyu a shekara, ko injin kwaɓa kankare da magini zai nema ranar zuba dakin, ko injin casar da za a kunna wata ɗaya a rufe, hayar yini ta fi masa alheri nesa ba kusa ba, ko kuwa mutum goma su haɗa kai su saya, su sa wa kansu ma kuɗin haya don a tara na gyara. Kafin ka ɗauki na ƙasar waje kuma, tambayi makanikin garinku ko ya san cikinsa, ko ana samun kayansa a kasuwa. Sau da yawa wanda maƙeran Panteka ta Kaduna suka haɗa, duk da rashin ƙyallinsa, ya fi daɗewa yana aiki, tunda wanda ya ƙera shi yana nan da ransa, kana iya komar masa da shi.

Ku kuma iyayenmu attajirai da Allah Ya hore wa, kada a ɗauka ina kushe wannan sana'a. Wallahi tana cikin mafi alherin abin da mai dukiya zai sa kuɗinsa, domin injin markaɗe ɗaya yana riƙe gida guda, kuma cin riba a kansa halal ne ba kunya. Ku ɗora ribarku a fili, ku zaɓi ɗaya, ko haya ko sayarwa, ku ɗauki abin da ya hau kanku a cikin wanda kuka zaɓa. A rubuta da Hausa, ko boko ko ajami, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaidu biyu da ba yaran maigida ba, tunda aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. A rubuta lambar inji, da wanda gyara kaza ke kansa, da kwana nawa za a ɗaga wa wanda ya makara, da yadda za a yi da abin da ya riga ya biya in tafiya ta ɓaci, da ranar da za a miƙa masa rasit da takardun mallaka; wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, har mutum ya gama biya shekara ta zagayo takardun keke na ɗauke da sunan wani, in mai sunan ya rasu magada su sa shi cikin gado.

Ita kuwa baiwar Allah da na fara da labarinta, ba mu kai ga kotu ba. Mai unguwa da limamin masallacinmu suka kira mutumin bayan sallar isha'i, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka sake yi masa tambayar nan ta na wane ne injin, ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi a zuciyarsa sayarwa ya yi. Liman ya ce to madalla, in sayarwa ce injin nata ne, sai ka mayar, ta gyara, ta cika maka kuɗin wata huɗun da suka rage. Ya nemi a ƙara masa wani abu saboda makonnin da aka yi ba biya, aka ce wannan kam babu. Matan unguwa suka ba ta kwasar adashi ba a kan layinta ba, makaniki ya yarda a biya shi sau biyu, aka sake rubuta takarda da Hausa, ni na rubuta, ɗanta na fari ya karanta mata. Amalanken da ya ɗauke injin shi ya dawo da shi, kuɗin dakon kuma, bayan 'yar gardama, aka raba biyu.